Shafin Ƙamus a Kwanon Baƙo

Sukur, sukur. Ƙarar da na ji ke nan, 'yar ƙarama, daga cikin kwano.

Ina tsugune bakin randa ina wanke-wanken rana, na jawo kwanon samira mai murfi, sai wani abu ya motsa a ciki. Bazara ce, lokacin da kunama ke neman sanyi duk inda ta samu, don haka na dire kwanon a hankali, na karyo tsinken tsintsiya na ɗaga murfin daga nesa. Ba kunama ba ce. Takarda ce, an ninke ta gida huɗu, ta yi ja-ja don tsufa. Kwanon kuwa an goge shi tas, ba da ruwa ba, da rairayi, irin wankin matafiya.

Kwanon baƙi ne. Gidanmu a Mayahi shi ne na ƙarshe kafin gonaki, kuma akwai babban itacen bedi a ƙofarmu, daidai inda hanyar ƙauyuka ta shigo gari. Duk wanda rana ta doka, nan yake zama ya sha inuwa. A gidan da na tashi, in namiji ya yi sallama a ƙofa mace ba ta leƙawa. Ki aika da ruwa, ki aika da abin da ya samu, kar ki tambayi ko wane ne. Haka Inna, mahaifiyata, take yi, haka ni ma na taso ina yi, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba. Maigidana tela ne, shagonshi na bakin kasuwa, ba ya dawowa sai bayan la'asar. Mai kai ruwan da tuwon ita ce ɗiyata, a lokacin shekararta shida, ba ta shiga lakwal, makarantar boko, ba tukuna.

A ranar ta shigo daga zaure tun kafin azahar, ta ce, "Mama, akwai baƙo gindin bedi, ya ce a taimaka mishi da ruwa."

Na ba ta moɗa. Da ta dawo da moɗar ba ko ɗigo, na san ya yi tafiya, sai na zuba mishi sauran tuwo da miyar kuka na rufe. Kwanon ke nan ya dawo da takarda a ciki.

Na goge hannu a zane na warware ta. Shafi ne na ƙamus, irin mai Ingilishi a hagu, Faransanci a gabanshi, ƙananan baƙaƙe kamar an watsa riɗi. An ja wa kalma ɗaya layi da fensir: forgetfulness. Na yi kolej har aji na huɗu, kuma Ingilishi na cikin abin da na fi so, don haka na gane ta. Mantuwa. Na yi murmushi ni kaɗai, na ce wannan baƙo ɗan boko ne. Ban yar da ita ba, don ba na yar da rubutu ko na boko ne, ba ka san inda sunan Allah ya faɗo ba. Na soke ta bayan kwallayen da ke jere saman kabad, na ci gaba da aikina.

Washegari, daidai wannan lokaci, sai ga ɗiyata. "Mama, baƙon ya dawo."

Na aika da fura. Kwanon ya dawo a goge, da wani shafin. Wannan karon overwhelming aka ja wa layi, abin da ya fi ƙarfin mutum, ya danne shi kamar ruwa ya ci gari. Da maigidan ya dawo na nuna mishi. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "To, madam, ke da kika yi karatu, ga shi an fara yi miki godiya da Turanci. Mu da muka tsaya a allo sai dai a ce mana Allah shi saka." Na ce mishi ai tashi godiyar ta fi. Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Rana ta uku ce ta hana ni dariya. Ranar ko iska babu, awaki sun lafe jikin garu, kaji sun buɗe baki, duk unguwar shiru kamar an kwashe mutane. Na buɗe kwanon na warware shafin. Kalmar ita ce homesickness. A gefenta kuma, a ɗan filin da babu baƙaƙe, akwai rubutun jan bik, wato biro, ya koɗe amma yana karantuwa: ciwon son gida.

Rubutuna ne. Ba kama ba ce. Nawa ne, na lokacin da nake 'yar shekara sha uku, da wannan g ɗin mai doguwar wutsiya da mushen Faransanci, malaminmu, ya yi ta yi mini faɗa a kai. Na zauna daɓas a ƙasa, ruwan wanke-wanke yana bin ƙafata, ban iya janyewa ba.

Ƙamus ɗin na yayana ne. Shi nake bi, shekara huɗu tsakaninmu. A ƙauyenmu, can wajen Attantané, ba wanda ya kai shi son Ingilishi. Lokacin da yake lise, babbar sakandare, a Tessaoua ya sayo ƙamus ɗin a kasuwa, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, bangonshi ya riga ya fita, ya sa Inna ta ɗinke mishi shi da ƙyallen atamfa. Da hutu in ya zo gida sai ya zauna kan kututture kusa da turmi, ni ina daka, shi yana jefo mini kalmomi. Dokar wasan ita ce kowace gaɓa bugu ɗaya. In na sauke taɓarya a gaɓar ƙarshe, dole in faɗi ma'anar kafin in sake ɗagawa. In na faɗa daidai, sai ya ba ni jan bik ɗinshi in rubuta Hausarta a gefe, kamar lada. In na kasa, ya ce a sake, ko da hatsin ya riga ya zama gari.

Ba kowace doguwar kalma yake so ba. Waɗanda suka yi kama da Faransanci ya ce satar amsa ce, ko jaki ya yi kolej zai gane su. Shi dai a ba shi waɗanda ba su da dangi a ko'ina, masu nauyi a baki, waɗanda in ka faɗa sai tsofaffi su juyo su ce wane yaren aljanu ne wannan. Inna takan leƙo daga madafa ta ce, "Kai, ka bar ɗiyar nan ta yi daka. Turancinka zai zama fura?" Shi kuma ya ce, "Inna, saura kalma guda." Ba a taɓa yin kalma guda ba.

Akwai ɗaya da ta gagare ni har ya tafi: notwithstanding. Bugu huɗu ce. Duk sanda taɓarya ta sauka ta huɗu sai kaina ya zama fanko. Ya kan kwashe da dariya ya ce, "Gara ma da ba ki ci ba, ki bar mini gefen nan da tsabta. Rubutun nan naki kamar kaza ta bi ta kan toka." Gefen wannan kalmar bai taɓa ganin jan bik ba.

Da ya gama lise sai ya yi kudu, ya ƙetare iyaka, wai zai koyar da Faransanci a can ya ƙaro Ingilishi. Ƙamus ɗin na cikin jakarshi, ni na saka da hannuna. Da farko yana aiko da saƙo, daga baya saƙon ya yi nisa, sannan ya ɗauke. Bayan shekara uku wani mai fataucin shanu daga ƙauyen maƙwabta ya zo ya zauna a ƙofar gidanmu, ya cire hula, ya ce zazzaɓi ne, an rufe shi a wani gari can kudu. Shi ma bai gani da idonshi ba, wani ya gaya mishi. Aka yi salla, aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Inna ta yi kuka har idonta na dama ya daina gani sosai, kuma tun daga nan tansiyo, hawan jini, ya kama ta bai sake ta ba. Ta ɗauki shekaru kafin ta iya faɗin "Allah ya ji ƙanshi" ba tare da muryarta ta karye ba. Lokacin da kwanon nan ya dawo mini da rubutuna, shekara tara ke nan da yin sadakar.

Na kira ɗiyata.

"Baƙon yana nan?"

"Ya tahi. Kullum in ya gama sai ya tahi."

"Yaya kamanninshi?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Kamar mutum."

"Tsoho ne? Dogo ne?"

"Ya naɗe fuskarshi da rawani. Yana da buhu." Ta ɗan yi tunani, sannan ta ɗaga hannu tana zana layi a iska. "Haka yake yi wa takardar."

Hannun hagu ta ɗaga. Yayana bahago ne. An yi ta dukan hannun yana yaro har ya koyi cin abinci da dama, amma rubutu bai taɓa komawa dama ba.

Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa mata, na tofa wa kaina. Bayan sallar azahar na zauna kan darduma na kasa tashi. Na gaya wa kaina littafi yana shiga hannu ya fita hannu, a kasuwa ma da irin wannan takardar ake ƙunshe yaji. Bahagwai kuma sun cika duniya. To amma in shi ne fa? In shi ne, tsohuwar da ke zaune a ƙauye da ido ɗaya tana da haƙƙin ta sani kafin kowa. In kuwa ba shi ba ne, na je na tayar mata da abin da ta sha wuya kafin ya kwanta, ban san ko zuciyarta za ta ɗauka ba. Akwai kuma abu na uku da ban yarda na ambata ko a raina ba, sai dai na ji gashin hannuna yana tashi a cikin wannan zafin.

Kafin la'asar na yafa hijabi na tsallaka wurin maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar ɗakinta, tana fuskantar bedin.

"Iya, kin ga baƙon da ke zama can kwana ukun nan?"

"Na dai ga ɗiyarki tsugune tana ta zuba kamar rediyo," ta ce. "Wanda take yi wa, oho. Idona ba ya kai can, 'yar nan. Ko jaki aka ɗaure ba zan sani ba."

Da maigidan ya dawo na shimfiɗa mishi shafukan uku a kan tabarma na gaya mishi komi. Bai yi wasa ba wannan karon. Ya ce gobe ba zai je shago ba, zai tsaya ya ga mutumin. Ya kuwa tsaya. Ya zauna a zaure tun hantsi yana ɗinkin hannu har aka kira la'asar. Ba wanda ya zo gindin bedin sai wani Bafillace da ya shayar da tumaki ya wuce. Washegari ma haka. Rana ta uku aikin mutane ya taru mishi, ya ce in dai ya dawo in aika a kira shi nan take, ya hau moto, babur ɗinshi, ya tafi.

Ƙarar moton ba ta gama ɓacewa ba ɗiyata ta shigo. "Mama, baƙon ya dawo."

Nan ne na yi kuskuren da har yau nake juya shi. Hijabina na rataye a ƙofar ɗaki. Taku goma sha biyu ne daga inda nake tsaye zuwa gindin bedi. Amma ƙafata ta saba tsayawa a bakin zaure tun ina ƙarama, kuma tsoro ya zo ya samu wurin fakewa a cikin wannan sabon. Na ce bari in tabbatar tukuna. Na yago shafi daga tsohon kaye, littafin rubutu na makaranta, na rubuta notwithstanding da manyan baƙaƙe, ban sa komi a gefenta ba. Na ninke gida huɗu, na ɗora kan faifai, na zuba dambu a kwano, na ce ta kai.

Na bi ta har zaure na sa ido a tsagar ƙofa. Ina ganin bayanta, ta tsuguna, kitsonta biyu a tsaye. Shi kuma gangar bedin ta kare shi. Gefen buhu kawai nake gani, da bakin wata riga mai launin ƙasa. Na ga takardar ta tashi daga faifan ta shige bayan itacen. Sai na ji dariya, ƙasa-ƙasa, 'yar gajera, irin wadda ake yi ta hanci. Na san dariyar. Na dafa bango.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Da na dawo hayyacina na ruga ciki na fizgo hijabin, ya maƙale a ƙusa, na ja har ya yage. Na fito ba takalmi, rairayi na ƙona mini tafin ƙafa. Ɗiyata ce kaɗai a gindin bedi, tana riƙe da kwanon da hannu biyu. An goge shi tas. Ba takarda a ciki, ba nawa ba nashi.

"Ina yake?"

Ta nuna hanyar gonaki. Fili ne fetal, ba shuka, sai kututturan bara da gawo jefi-jefi, kana hango mutum tun daga nesa. Ban ga kowa ba sai hucin rana yana rawa a saman ƙasa. Na duba inda ya zauna. Akwai shaidar zama a rairayin, amma awaki sun riga sun tattake sawun da ya fita. Na tsaya a tsakiyar hanya ina kiran "Yaya! Yaya!" ni da ban taɓa ɗaga murya a ƙofar gida ba, har tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta taso tana lalube da sanda ta kamo hannuna.

Maigidan ya yi iya yinshi, Allah ya saka mishi. Ya bi hanyar da moto har Kanan-Bakaché yana tambaya rijiya-rijiya. Wani ya ce ya ga mai buhu ya yi arewa, wani ya ce a'a, mota ya shiga ta Tessaoua. Ya je Tessaoua ya zagaya tasha da masallatai. Masu buhu da rawani ba su ƙirguwa a ƙasar nan. Na tambayi ɗiyata har sau nawa mi ya ce mata, ta ce ba komi, ya dai yi dariya. Na bar ta don na ga ta fara tsorata da ni. Kullum da hantsi ina zuba abinci a kwanon in rufe in ajiye a zaure. Kullum da la'asar in ba kaji.

Abin da ya rage shi ne Inna. Mako uku ina kai da komo. Maigidan ya ce shi ba zai ce mini komi ba, uwata ce. Na yi istihara ban ga komi ba. A ƙarshe na yanke cewa ba ni da ikon ɓoye wa uwa labarin ɗanta, ko da labarin shafi uku ne na takarda da wata dariya ta bayan itace. Na ƙulle shafukan a bakin zane, na ce ranar kasuwa zan bi motar Attantané in gaya mata, abin da Allah ya rubuta ya faru.

Inna ba ta shan furar inji, ta ce tana jin warin gazuwal, man injin, a ciki. Ni kuwa tunda aka kafa inji a unguwarmu na daina daka, turmina yana kife a bayan ɗaki har gara ta fara lasar bakinshi. Saboda tafiyar na jawo shi na wanke, na jiƙa hatsi, da hantsi na kama daka. Hannuna ya manta nauyin taɓarya. Ɗiyata na zaune kan kututture kusa da ni tana wasa da marafan kwalba.

Da na ɗaga na sauke, sai na ji ta ce, "Not."

Na sake saukewa. "Wiz."

Ban tsaya ba. Hannun ne ya ci gaba da kanshi.

"Tan. Din."

Bugu huɗu. Taɓaryar ta tsaya a cikin turmi. Ba ta taɓa jin wannan wasan ba, ban taɓa ba ta labarinshi ba, a gabanta ban taɓa furta kalmar ba. Kaina ya zama fanko kamar yadda yake yi tun ina 'yar shekara sha uku. Ita kuwa ko ɗagowa ba ta yi ba, tana jera marafanta a ƙasa.

"Duk da haka," ta ce. "Ma'anarta ke nan. Baƙon ya ce kar in faɗa sai ranar da na ji kina daka."

Na ce, "Sai mi kuma ya ce?"

"Ya ce har yanzu rubutunki kamar kaza ta bi ta kan toka." Ta yi 'yar dariya, don abin ya ba ta dariya. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta ɓata fuska irin ta yaron da ke ƙoƙarin kawo saƙo daidai yadda aka ba shi.

"Kuma ya ce kar ki gaya wa Inna, ta riga ta yi kukanta, sau ɗaya ya isa. Mama, wace ce Inna? Kaka ce?"